Yadda Za Ka Zauna Kusa da Amaryarka a Jirgin Umra Ba Tare da Ka Biya Kuɗin Kujera Ba

Ɗan'uwa mai sabon aure, matso kusa, ka sakaya ƙofa. In Allah Ya nufe ka da hawa jirgin shata zuwa Umra tare da wadda zuciyarka ke bugawa dominta, ga hanyar da za ka kama kujeru biyu a jere, ɗaya a jikin taga, ba tare da sisinka ya yi ciwon kai ba. An gwada ta. Wanda ya gwada yana nan da ransa a Azare, sunansa Hammadu, malamin firamare ne, kuma kujeru biyun ya same su. Bi sawunsa mataki-mataki, kai ma sai ka samu.

Mataki na ɗaya: Ka zo da ƙishirwa

Wanda bai matsu ba ba ya gudu. Hammadu ya matsu. Tun da aka kawo masa amaryarsa Jamila babban gidansu bai taɓa kai ƙarshen zance da ita da rana ba. Da ya gyara murya zai ce mata idanunta kaza, sai ƙanwarsa ta ɗaga labule neman ashana, ko yaran gida su cika ɗakin wai an kawo wuta za su yi kallo. Littattafan soyayya kuwa babu wanda bai haddace ba a rumfar da ake ba da haya, kalmomi sun taru a ƙirjinsa har suna hana shi barci.

Sai ga sauƙi. Surukarsa Hajiya Meram, mutuniyar Borno da ta tsufa a Azare tana sayar da turaren wuta da humra, ta tashi zuwa Umra, ba ta da muharrami. Ta biya wa 'yarta, ta biya wa mijin 'yarta. Hammadu ya yi godiya ta bayan labule, kansa a ƙasa, amma zuciyarsa tuni ta hau sama: tafiya mai tsawo a cikin gajimare, daga shi sai ita, ba ƙanwa, ba ashana.

Mataki na biyu: Ka raina ejan

Ejan zai yi maka tayi. Na su Hammadu, Alhaji Ɗanladi, ya karɓi fasfo ya ce, "Malam, jirgin nan fa na shata ne, babu lambar kujera, inda ka faɗa nan ne naka. Amma in ka ƙara ɗan abu, a liƙa maka takarda a kujeru biyu, ka shiga a natse kamar mai gari."

A nan za ka yi abin da Hammadu ya yi. Ka yi murmushin wanda ya san duniya, ka ce, "Haba Alhaji! Wanda ya sayi jirgi sukutum ai bai sayi tsayuwa ba."

Kada ka tuna cewa ba kai ka saya ba.

"Ni dai na gaya maka," in ji Ɗanladi. "Ka taɓa ganin tsofaffin garin Giyaɗe sun hangi ƙofar jirgi?"

Kada ka amsa. Masana sun daɗe da gano cewa duk wanda ya ba ka shawara alhali yana riƙe da rasit, aljihunka yake wa magana.

Mataki na uku: Ka yi alkawari da babbar murya

Alkawari shi ne man tafiya. Hammadu ya tsare Jamila tana ninke kaya ya ce, "Taga taki ce. Za ki ga gajimare a ƙarƙashin ƙafarki, ni kuma ina gefe ina kallonsa a cikin idonki."

Ba ta ɗago ba. "Malam, ka biya?"

"So ba ya biyan kuɗin kujera."

"To so ɗin ya iya gudu?"

"Za ki gani."

"Allah Ya ba da sa'a. Miƙo mini zanen can."

In amaryarka ta ce haka, kada ka karaya. Kunya ce. A ciki narkewa take yi.

Mataki na huɗu: Ka nemi ilmi a tasha

Jirgi mota ce mai fukafukai, saboda haka ka je wurin masu mota. Hammadu ya zauna da 'yan kamasho a tashar Kano da ke Azare, suka koya masa dokar da kowa ya sani daga nan har Cinade: wanda ya ajiye hula ko jaka a wuri, wurin nasa ne, ko da ya tafi cin tuwo. Babu ɗaya cikinsu da ya taɓa ganin cikin jirgi, wannan ya sa shawararsu ta fito tsab, ba gauraye.

Sai dai hula ƙarama ce, kujera ɗaya take rufewa. Don haka ka ɗinka babbar riga ta shadda mai faɗin hannu, a buga ta ta yi tauri. Kuɗin ɗinkin zai ninka na kujera, amma wannan ado ne, ba asara ba. Da la'asar kuma ka riƙa zagaya filin makaranta a guje da rigar a jikinka. In yara sun tambaya, ka ce likita ne ya sa ka.

Mataki na biyar: Da an buɗe ƙofa, ka manta kana da dangi

Ranar tafiya, a filin jirgin Kano, ka tsaya daf da ƙofa tun kafin a ce a tashi. Kada ka sha ruwa. Kada ka gaisa da kowa gaisuwa mai tsawo.

Da lasifika ta yi ƙara, Hammadu ya tattare riga ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. A nan ya gane abin da ejan yake nufi. Wani dattijo da tun safe ake riƙe masa hannu ya saɓa sandarsa a kafaɗa ya wuce shi kamar iska. Wata tsohuwa ta sa masa buta a haƙarƙari. Takalminsa ɗaya ya tsaya a ƙasan matakala, ya waiwaya ya dube shi, ya tuna idon Jamila, ya bar shi.

Ya kutsa, ya wuce kujerun da aka liƙa wa takarda ba tare da ya dube su ba, ya hangi biyu a jere a gefen dama. Ya faɗa ta bakin hanya, ya ware hannun riga ya lulluɓe ta jikin taga kamar kaza a kan ƙwai.

Ka gani? Kyauta.

Mataki na shida: Ka zama dutse

Yanzu ne jarrabawa. Mutane za su zo. Na farko ka ce masa, "Da mutum." Na biyu ma haka. Amma dattijo zai zo ya dafa kafaɗarka ya ce, "Ɗana, gwiwa ce ta matsa mini," kuma duk tarbiyyar da aka yi maka za ta taso ta shaƙe ka.

Maganin wannan carbi ne. Hammadu ya zaro nasa, ya lumshe ido, ya shiga motsa baki. Ba a katse mai lazimi. Dattijon ya tsaya, ya tsaya, ya ce, "Allah Ya karɓa," da wata irin murya, ya yi gaba. Zuciyar Hammadu ta yi masa zafi ƙwarai, har ya ji ƙwalla. Ka bar ta ta zubo, tana ƙara wa lazimin kyau.

Jirgi ya cika maƙil. Kujerar taga tana nan a ƙarƙashin shadda, babu wanda ya taɓa ta.

Mataki na bakwai: Ka tuna su wa ka baro a baya

Wannan matakin Hammadu ya tsallake shi, kai kada ka tsallake.

Na ƙarshen shigowa su ne Jamila da mahaifiyarta, don Hajiya Meram ba ta sauri ko gobara ake yi. Jamila na gaba da jaka biyu da takalmi ɗaya na namiji a hannu. Hammadu ya janye riga, fuskarsa ta haskaka, ya buɗe baki.

Hajiya ta riga shi. Ba shi ta kalla ba, don suruka ba ta kallon suruki. 'Yarta ta kalla.

"Allah sarki! Kin ga yaron kirki? Ashe gudun nan duk don ya kama mini wuri ne, har da barin takalmi. Ce masa Allah Ya yi albarka."

"Malam, wai Allah Ya yi albarka," in ji Jamila, tana danne dariya.

Ya miƙe, ya rusuna, Hajiya ta wuce jikin taga ta zauna, ta ja murfin tagar ta rufe, wai ba ta son ganin abin da zai tayar mata da hankali.

Saura dabara ɗaya: ya ba Jamila tasa kujerar ya gudu ko'ina ne. Ma'aikaciyar jirgi ta duba gaba ta duba baya ta ce wuri ɗaya ya rage, can cikin mata, gefen Alhaja Lola mai sayar da robobi a kasuwar Azare, wadda ta biya kujeru biyu amma bizar ƙanwarta ba ta fito ba.

"Namiji a nan? A'a o!" in ji Alhaja daga nesa. "Amarya, taho, 'yata. Shiga taga, ni barci zan yi."

Jamila ta ajiye masa takalminsa a gabansa a hankali. "Ka cika alkawari, Malam. Taga tawa ce."

Mataki na takwas: Ka daure

In ka kai nan, abin da ya rage shi ne ladabi. Ka tattara jikinka gefe guda har rabinka ya fito hanya. Ka kafa ido a bayan kujerar gaba. Kada ka yi tari.

Jirgi ya ruga, ya ɗaga hanci. Hajiya Meram, wadda duk kasuwa ke shakkar bakinta, ta saki salati da Hausa, ta koma Barbarci, ta damƙi hannun babbar rigar Hammadu ta nannaɗe a hannunta kamar igiyar guga. Ba ta sake shi ba har aka daidaita, da aka daidaita ma ba ta ga dalilin saki ba.

Aka kawo abinci, shinkafa da kaza, ƙamshi har ƙwaƙwalwa. Mutum ba ya cin abinci a gaban surukarsa. Hammadu, wanda rabonsa da loma tun Wudil, ya ce ya ƙoshi. Hajiya ta dubi kujerar gabanta, tunda babu wanda za ta aika, ta ce mata, "A ce wa yaron nan in ba ya ci kada a mayar musu, an biya." Ta juye nasa a leda da hannu ɗaya.

Can gaba kuwa yana jiyo dariyar Jamila, da muryarta tana cewa, "Alhaja, tashi ki ga teku!" Duk kalmomin da ya tara suka narke suka gangara cikinsa, inda babu komai sai su.

Mataki na tara: In ka tuba, ka tuba da wuri

Da aka sauka Jidda, Hammadu bai jira kaya ba. Ya nemo Alhaji Ɗanladi cikin taro, ya ja shi gefe, ya sassauta murya.

"Alhaji, maganar takardar nan. Ta komawa. Ko nawa ne."

Ɗanladi ya dube shi daga hula har shaddar da ta yamutse gefe guda. "Ai an riga ka, Malam. Yanzun nan Hajiya ta biya kujeru biyu."

Hammadu ya dafe ƙirji. Uwa uwa ce! Ashe ta gani, ashe ta gane. "Ni da Jamila?"

"Ita da kai. Ta ce ba ta taɓa ganin mai natsuwa a jirgi irinka ba, ko motsi ba ka yi. Ta ce kuma a gaya maka ka sa rigar nan dai, ta fi daɗin riƙo."

A bayansu Jamila ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna girgiza.

Sanarwa

An yi maka alkawarin kujeru biyu, ba a ce ga wanda zai zauna a kai ba. Saboda haka mai wannan rubutu ba shi da hannu a ɓatan takalmi, ciwon haƙarƙari, yunwa, ko addu'ar dattijon da aka hana wuri. Wanda ya bi matakan nan ya tsinci kansa a gefen surukarsa, ya kai kukansa tashar Kano wurin 'yan kamasho. Kada a nemi Hammadu, ya ce ba ya nan.