Maficin da Na Tura Nairobi

Ranar da surukata za ta tafi Nairobi duba 'yarta mai jego, ni na naɗa kaina masanin ƙasashe. Hujjata ɗaya ce: na taɓa sayar da taswirar duniya a shagona na Kasuwar Libiya da ke nan Omdurman.

Na tarar tana cusa bargo a akwati. Na durƙusa na ce, "Hajiya, Kenya fa a kan layin da ya raba duniya biyu take. Rana ba ta sauka daga tsakar kansu. Zafin Omdurman ɗin nan, a wurinsu sanyin asuba ne."

Matata ta ce, "A bar mata bargon dai."

Na ce, "Ke, maganar ilimi ake yi." Na zare bargon da hannuna, na sa mafici har biyu a madadinsa.

Kwana biyu da tafiyarta aka kira mu ta bidiyo. Ga Hajiya naɗe cikin labulen ɗaki, haƙoranta sai kaɗawa suke. Ashe garin a kan tudu yake can sama, kuma watan Yuli ne tsakiyar sanyinsu.

Ba ta yi faɗa ba. Maficin kawai ta ɗaga ta ce, "Ya ustaz, wannan a wuya ake ɗaura shi ko a ƙafa?"

Da tari ta dawo, sai da ya yi mata mako uku. Yau shekara huɗu ke nan, amma ko unguwar Kalakla da ke hayin kogi wani zai tsallaka daga gidanmu, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya gyara murya ya ce, "Ustaz, da bargo ko da mafici?"