Yadda Ake Loda Riɗi Ba Tare Da An Taɓa Sikeli Ba

Idan kana riƙe da makullin siton wani, kuma an saka maka manhajar nan mai ƙirƙirarriyar basira wadda ke mayar da buhu kilo, kilo tan, sannan ta kira maka mota da kanta, to ka kwantar da hankalinka. Ka bi matakan nan a hankali, ina tabbatar maka kafin la'asar sunanka zai zaga gari. Malam Mikail na Yakasai, mai kula da siton Hajiya Mabruka a Ƙofar Dawanau, shi ya fara gwada su, kuma da shi za mu yi misali.

Mataki na 1: Ka auna sau ɗaya a rayuwarka

Bara Mikail ya ɗora buhun zoborodo a sikeli, ya ga kilo talatin, ya shaida wa manhajar cewa nauyin buhu ke nan. Kai ma ka yi haka. Ilimi ba ya tsufa. Bana riɗi ne a siton, buhu ɗari biyu, kowanne sai ƙarti biyu sun yi nishi kafin ya tashi. Wannan matsalar ƙartin ce.

Mataki na 2: Kada ka bari na'ura ta yi maka tambaya

Manhajar za ta nemi sanin ko kayan bara ne, ko tiya nawa ce a buhu, ko tiyar a shafe aka auna ta ko da tozo. Rashin kunya ce irin ta zamani. Kakanka ya yi awo a garin nan tun ba a san lantarki ba. Mikail ya ba ta amsa da kalma uku, “Buhu buhu ne,” ta sake tambaya, ya sake ba ta. A karo na uku ya danna “ci gaba” ya tafi cin gurasa.

Mataki na 3: Ka yarda da lissafi

Talatin sau ɗari biyu, tan shida. Manhajar ta yi daidai, ta kira mota mai ɗaukar tan goma, har da sarari.

Mataki na 4: Ka nuna wa direba waya

Direba zai yi gardama, haka aka halicce su. Ɗanladi, wanda ya kawo motar, ana kai buhu na ɗari ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce ƙarfen sifirin da ke tallafe da motar ya miƙe, shekara ashirin yana dakon hatsi bai taɓa ganin tan shida ta zaunar da mota haka ba. A nan ake son natsuwa. Ka ɗaga wayar daidai fuskarsa, ka tambaye shi cikin ladabi ko shi ya fi kwamfuta sani. Sai Ɗanladi ya ce, “Malam, ita kwamfutar ta taɓa ɗaukar buhu?” Kada ka amsa irin wannan. Ka sa a ƙarasa lodi, a ɗaure da igiya, a yi addu'a.

Ka lura: mota ba ta da ra'ayi. Abin da aka rubuta mata shi ne nauyinta.

Mataki na 5: Ka zaɓi wurin da jama'a suke

Motar da Mikail ya loda a Ƙofar Kabuga ta durƙusa, daidai tashin makaranta. Taya biyu suka fashe, buhunan sama suka zubo, masu adaidaita suka yi ta hon suna yi wa iyayen mai kayan kirari. Tattabarun unguwar ba su taɓa ganin alheri irin na ranar ba.

Mataki na 6: Ka ɗora wa manhaja

Nan ne makullinka zai tsira ko ya tafi. Da Hajiya Mabruka ta iso, Mikail ya rusuna ya bayyana mata cewa waɗannan na'urorin ba su san kayanmu ba, Turawa suka yi su don kayansu. Jawabi ne mai kyau, ka haddace shi. Sai dai Hajiya ta saka tabarau, ta karɓi wayar, ta karanta hirar tun daga sama, a fili, gaban Ɗanladi da masu kallo. Ta zo kan “buhu buhu ne” ta maimaita shi sau biyu, a hankali.

“Mikail, ita da ba ta da hannu ta tambaya sau uku. Kai mai hannu biyu me ya hana ka ɗaga buhu ɗaya?”

Ta miƙa tafin hannunta, ya kwance makullin daga mazagin wandonsa ya ajiye mata.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a karyewar sifirin, fashewar taya ko rabuwar mutum da makulli. Duk mai koke ya kai wa Malam Mikail. Yanzu yana da lokacin sauraro, ana samunsa a dakalin ƙofar gidansu daga hantsi har magariba.