Kwalliyar da na yi wa dodon koɗi

Ba zan taɓa mantawa da kakar da na koma ƙauyenmu, kusa da Kanan-Bakashe, da takalmin roba har gwiwa da kaye, wato littafin rubutu, a hammata ba. Shekarata ta ƙarshe ke nan a jami'a. Wani baƙon dodon koɗi ne ya cika tabkin garinmu yana cinye wa mata dashen salati, shi ne malamin da ke duba aikina, wanda muke kira Mushe irin na faransanci, ya ce in je in gano: tsuntsaye da agwagin da ke cin dodon nan, mazan dodon suka fi ci ko matan? In matan ne, yawan dodon zai ragu da kansa. Da amsar nan zan tsaya gaban malamai in karɓi takardata.

Allah sarki tabkin nan! Cikinsa muka koyi iyo, saboda shi muka sha bulala. Da hantsi shanun Fulani su sauko, agwagin Gwaggo Hajo, ƙanwar babana, su biyo baya suna rangaji. Har yau ina kewar warin lakar nan.

Na kamo dodon na ware maza da mata (kada ku tambaye ni yadda ake ganewa, kwana uku na yi ina leƙen abin da ɗan mutunci bai kamata ya leƙa ba). Na kewaye wani lungu na tabkin da raga. Don in riƙa bambanta su, sai na hau mota har Tasawa na sayo jan farce. Matan na shafe musu baya ja jawur, mazan na bar su da launinsu na laka, sannan na zuba su duka cikin lungun.

Kowace Asabar sai in ƙirga. Jajaye sai ƙarewa suke, maza na nan daram. Kai, kaina ya kumbura! Na buga wa Mushe waya na ce na gano babban abu, ya zo ya gani da idonsa. Ban tsaya nan ba, har mai gari na gayyato, aka shimfiɗa tabarmi bakin ruwa.

Na miƙe ina zuba faransanci ina surkawa da Hausa, ina cewa bincike ya tabbatar agwagi da tsuntsaye mata suke zaɓa. Sai Gwaggo, da ta zo kora agwaginta, ta yi gyaran murya.

"Ɗana, in tambaye ka mana. Waɗanga jajaye, kai ka shafe su?"

"Ni ne, Gwaggo. Alama ce ta ilimi."

"To ai agwagwa ba ta san mace ba, abin da ta gani take ci. Ni da idona ya tsufa, tun daga ƙofar gida nike hango su. Ka yi musu kwalliya ka aje gaban mayunwata, mi kake so su yi?"

Mushe ya juya mana baya, kafaɗunsa na rawa. Mai gari kuwa bai ɓoye dariyarsa ba, har da riƙe ciki. Ni dai na ji kamar in shige lakar nan, takalmi da duka.

Da Mushe ya samu numfashi ya ce, "Tsohuwa ta yi gaskiya. Sai ka sake daga farko." Ga ruwa ya fara janyewa, tabki ba ya kai tsakiyar rani. Wato sai baɗi. Abokan karatuna suka karɓi takardunsu, ni ina gida ina jiran damina.

Da la'asar ranar Gwaggo ta same ni a zaure na haɗa kai da gwiwa. Ta aje mini kwanon dafaffen ƙwan agwaginta ta ce, "Ci abinka, ai da dodonka suka yi shi." Na ci, ina jin haushi, ga shi da daɗi.

Gwaggo ta rasu, Allah ya jiƙanta, agwagin ma an raba su gidaje. Ni kuwa yau ko tururuwa zan ƙirga, kafin in kira manya a shimfiɗa tabarmi, sai na fara neman tsohuwar da ke kusa na ce, "Iya, duba mini, ina wautar take?"