Maƙesun da na tara wa Rakiya

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don tsoron kada mutanen garinmu, Gidan Amumune, su gane ni. To, su gane ɗin. Ni dai ba zan taɓa mantawa da daminar da na shiga aikin kimiyya ba tare da kowa ya gayyace ni ba.

Wake nake sayarwa a kasuwa, lakwal kuma, wato boko, a aji shida na tsaya. Rakiya ɗiyar ƙanwata ce, a hannuna ta tashi, tana babban karatu a waje. Aikinsu, yadda ta bayyana mini, shi ne su ɗauki abin da ke sa maƙesu ƙyalli (ƙwaron nan mai walƙiya a fadama) su sa a jikin ɓera mai rai. Ciwo ya yi haske kore, abin da ke yaƙar ciwon ya yi ja, sai su ɗauki hoto su ga wa ke cin wa.

Wata rana ta kira ni, muryarta duk ta dushe. "Kawu, launukan cakuɗewa suke yi a hoton. In ban raba su ba, ba zan gama bana ba."

Ranar ko tuwo bai ciwu ba. Sai na tuna, ai raba farin wake da ja sana'ata ce! Kullum bayan magariba sai in gangara fadama da kwalba biyu, mai kore nan, mai ja can. (Gaskiya duk iri ɗaya nake ganinsu, amma nakan ƙura ido har ɗaya ya ji kunya ya yi mini ja.) Har liman na tambaya ko tsare ƙwaro a kwalba zunubi ne.

Ya ce, "Ci za ka yi?"

Na ce, "Karatu ne, Malam."

Ya ce in huda murfin su sha iska. Na huda. Daga baya na ji tsoron kada hasken ya tsiyaye, na toshe da sabulu.

Bayan girbi Rakiya ta zo bikin ƙanwarta a Tasawa, tare da malamarta, wata dattijiya mai gilashi. Da aka gama cin abinci, gaban surukai da baƙi, na gyara babbar riga, na ajiye kwalabe biyu gaban malamar.

"Ranki ya daɗe, ga gudummawata. Na raba muku su."

Na buɗe. Haske babu. Wari kuwa, har kajin gidan suka matsa. Uwar ango ta leƙa ta ce, "Alhaji, daddawa ce?"

Malamar ta yi tambaya da Faransanci, Rakiya ta so ta fassara, dariya ta hana ta. Can ta durƙusa gabana tana share hawaye.

"Kawu, ba ma kama ƙwaro. Tuntuni aka kwafi sirrin hasken, a ɗakin bincike ake haɗa shi. Rabawar kuma aikin na'ura ne."

Na so ƙasa ta tsage. Na miƙa hannu in ɓoye kwalabena, Rakiya ta riga ni. "A'a, nawa ne. Wa ya taɓa shiga fadama saboda ni?"

Ta gama karatunta a shekarar, alhamdu lillahi. Ta ce kwalaben na kan teburinta, a wanke. Ni kuma na koyi cewa kafin in taimaki mutum, in fara tambayarsa.

Abu ɗaya ke damuna har yau. Don Allah, in akwai wanda ya taɓa ganin maƙesu ja da idonsa, daga Mayahi har Tasawa, ya sanar da ni. Liman yana ta tambayata, ni kuwa na riga na rantse masa na gani.