Ɗan Katin da Ya Rufe Mini Shago

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Tauraron Aljihu, masu ƙera na'urar wasa ta hannu, a can ƙasarku mai nisa. Allah ya ƙara kasuwa.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da tambayar iyali, ni ne Harisu, mai gyaran waya da rediyo a kasuwar Gadarif ta ƙasar Sudan. Labari ya iso mana cewa kotun ƙasarku ta haramta ɗan katin nan da ake ɗura wa kwafin wasanni a soka a na'urarku. Labarin bai zo shi kaɗai ba. Ya taho da mufattishi, wato mai duba kaya, riƙe da kwaɗo. Aka garƙame mini shago ana tsakiyar yankan riɗi, daidai lokacin da direbobin garin Doka da 'yan ƙwadagon gonakin Fashaga ke zuwa saye.

Na ɗaya, ranka ya daɗe, a ina ake sayar da na halak ɗin? Na hau bas har Khartum ina cigiya, aka ce saboda takunkumi kayanku ba sa shigowa Sudan. To kantin da ba a taɓa buɗe mana ba, ta wace ƙofa muka shiga muka yi masa sata?

Na biyu, ka san a nan maganar sata ba tara kaɗai take jawowa ba, ni kuwa da hannun dama nake riƙe sukudireba. Hankalina ya tashi, na garzaya wurin Malam Jibrin limamin unguwarmu. Ya tambaye ni ko wasan ya bar hannun mai shi. Na ce yana nan wurinsa. Ya ce, "Ya zol, bawan Allah, wace irin sata ce wannan da mai kaya bai rasa kome ba? Bar mini na'urar in yi nazari." Har yau nazarin ake yi, amma matarsa ta aiko a ba shi caja.

Na uku, shi mufattishin bai ma san sunan kamfaninku ba. Abin da ya tsone masa ido shi ne yarinyar nan ta cikin wasan mai faɗa da dodo, wai ba ta yafa mayafi ba. Ya gagare ku ne ku yafa mata ko ɗan ƙyalle? Da kun rufa mata asiri, kun rufa mini.

Na huɗu kuma godiya ce. Ranar Asabar sai ga mufattishi da kansa, mabuɗi a hannu, ido ya yi ja don kallon allo. Ashe na'urar da ya ƙwace ta daskare masa ana saura ƙiris ya kashe dodon. Ya buɗe shagon, ya ja kujera, ya aika a kawo mana jabana, gahawar nan tamu. Sharaɗinsa guda ne: in gyara, in kuma ƙara masa wasan ƙwallo. Na bi umarnin hukuma, kamar yadda na saba.

Saboda haka, in kun tashi kai ƙara, ina roƙon alfarma a bi girma da cancanta: a sa sunansa a gaba da nawa. Ya fi ni muƙami, ya kuma fi ni maki.

Naka mai biyayya har ƙasa,
Harisu Sharu,
Layin masu gyara, Kasuwar Gadarif, 2009.