Rasuwar Dattijo, Jirgin Mahaifina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta hana ni ɗaga kai, ni Abdulsalami Labbo nake sanar da rasuwar Dattijo, jirgin ruwanmu na alminiyom, wanda ya cika ranar Talata a bakin gulbin Bungudu yana da shekara arba'in da ɗaya.

Marigayin mai haƙuri ne. Damina bayan damina ya ƙetarar da manoma da awaki da buhunan gero da masu naƙuda, bai taɓa kifar da kowa ba. Mahaifina, marigayi Malam Labbo, shi ya dasa masa kowace ƙusar ribiti da hannunsa, yana bugu ta waje, mahaifiyarmu Inna Ladidi tana ciki ta tokare kan ƙusar da guntun ƙarfe. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Da wannan sautin muka girma.

Ciwon ajalinsa ba wani ciwo ba ne: ƙusa bakwai suka saki, yana ɗan shan ruwa. Inna ta ɗauko guntun ƙarfen nan, ta ce in shiga in riƙe mata, ita za ta buga. Ni kuwa ma'aikacin ofis a Gusau, mai guga a riga, na ga bai dace mutanen gari su gan ni tsugune cikin laka ba. Sai na kira mai waldar ƙofofi. Wuta tana taɓa Dattijo ya yi wani tsss, cikinsa ya narke, ramin ya isa akuya ta wuce. Gaskiya ba mai waldar ne ya kashe shi ba, ni ne.

Ya rasu ya bar sandar tuƙi ɗaya, da kwanon kwarfar ruwa, da manoman ƙetare da geronsu ya nuna, da Inna da guntun ƙarfenta.

Za a kai gawar wurin masu narka tukwane a Tsafe ranar Juma'a bayan la'asar. Ana zaman makoki a ƙofar gidanmu, ni ne na can gefe da kai a sunkuye. Mutanen ƙetare sun aiko cewa suna son zuwa ta'aziyya. Don Allah su yi haƙuri, babu abin da zai ƙetaro da su.