Yatsu Uku na Baba Lamidi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na raba katakon Hajiya Falmata gida biyu, domin har yau in na ji ƙarar injin zarto sai ta faɗo mini a rai.

A lokacin na kammala karatun injiniya ina jiran tafiya bautar ƙasa, sai na riƙa zuwa shagon Baba Lamidi, wani kafinta Bayarabe da ya tsufa a Fagge, aminin mahaifina. Ni mutum ne da ba na yarda da awo sai na maimaita shi sau uku (har layin littafi da rula nake ja), saboda haka yadda Baba yake awo da ido da yatsu ya daɗe yana damuna.

Hajiya Falmata ta zo daga Rijiyar Lemo da wani faffaɗan katakon maɗaci, saman teburin marigayi mijinta. So take a raba shi daidai, a yi wa kabad ɗin littattafansa ƙofofi biyu. Ta shafa shi ta ce, "Baba, ka san ba shi da na biyu."

Baba ya ja layi a tsakiya, ya miƙo mini dogon ƙarfen da muke matsewa a kan katako domin injin ya bi gefensa ya yanka a miƙe. Ya ce, "Injiniya, ka matse shi, ka bar yatsu uku tsakaninsa da layi. Zan je Sabon Gari sayen gam, kada ka yanka sai na dawo."

Yatsu uku! Yatsun wa? Nasa masu kauri ko nawa? Na yanke shawarar cewa wannan sakaci ne da ya kamata ilimi ya gyara. Na auna katakon sau huɗu, na ɗora ƙarfen a kan layin sak, ko gashi ba zai ratsa ba. Da na ga kyawun aikina, sai na ga babu dalilin jira, na kunna injin na yanka.

Wallahi ban taɓa ganin yanka mai kyau irin wannan ba. Har murmushi na yi kafin na jera ɓangarorin biyu. Ɗaya ya fi ɗaya faɗi ƙarara. Na kashe injin, na kife shi, na zuba masa ido. Gefen farantin da ke ƙarƙashinsa shi ne ke bin ƙarfe, haƙoran zarton kuwa suna can ciki, nesa da gefen da yatsu uku cif (na gwada da nawa). Na sake awo sau biyar, kamar tef ɗin awon zai tausaya mini.

A haka Baba ya tarar da ni, ga Hajiya a bayansa, ta dawo kawo mariƙan ƙofa. Ya dubi katakon ya ce, "Innalillahi! Injiniya, miƙewa kam ya miƙe."

Hajiya ta matso tana shafa ƙaramin ɓangaren. Can ta ce, "Ɗan nan, shekara nawa ka yi a jami'ar?"

"Biyar, Hajiya."

"To alhamdu lillahi da ba likita ka karanta ba."

Na yi ta ba ta haƙuri. Baba ya rage babban ya daidaita su, ya yi amfani da ragowar ya cike tsakiyar kabad ɗin. Hajiya ta karɓi aikin, amma sai da ta nemi a tabbatar mata ba ni zan kafa ƙofofin ba.

Tun daga ranar, idan tsoho ya ba ni umarnin da ban ga hikimarsa ba, nakan tambaye shi dalili tukuna, kuma nakan yi tambayar kafin in kunna inji.